Sabis a Kan Ɗorawa

Ranar Laraba da la'asar Hellen, 'yar maƙwabciyata Lai'atu, ta zagaya bayan gida don ta sauke goranta daga kan ɗorawa, ta tarar babu shi. Igiyar tana nan tana reto, goran ne ya tafi.

Bari in gaya muku abin da ke cikin goran, kada ku ce yarinya tana kuka a kan duma. Hellen nas ce. Ta gama karatu a Kafanchan, ta nemi gurbin ƙarin karatun ungozoma, masu ba da gurbin suka ce za su yi mata intabiyu ta intanet ranar Juma'a da safe. Sun riga sun leƙa ɗakinta ta kyamara, sun ga kwamfutarta, irin babbar nan ta kan tebur da kawunta ya bar mata. Suka ce a nan za ta zauna, ba a shagon intanet ba, ba kuma a waya ba. Wanda bai bayyana ba ranar, sunansa ya fita.

To, mu ƙauyenmu a gindin dutse yake, sabis ta samanmu yake wucewa. Mai son kiran ɗansa a Kaduna sai ya hau tudun coci ya tsaya kamar mai jiran mota. Shi ya sa Lai'atu ta ɗauko Meshak, mai gyaran waya a kasuwar Kafanchan. Ya zo da wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka ba, ya hau rufi da ita, ya hau rumbu, shiru. Sai da ya hau ɗorawar da ke bayan shinge sannan haskenta ya koma kore. Daga can take kamo sabis, ta turo wa kwamfutar ta iska. Ya jefa igiya ta kan reshe, ya ɗaure bakinta a turke, ya ce a riƙa ɗaga na'urar da safe, a sauke da yamma a yi mata caji.

Lai'atu mace ce mai tattali. Don kada ruwan farkon damina ya taɓa abin, ta nemi ƙaramin goran duma, ta faɗaɗa bakinsa, ta cusa na'urar da tsumma, ta huda gefe yadda za a ga hasken, ta ɗaure wuyan da jan ƙyalle don ta riƙa hango shi ta taga. Haka aka yi makonni ana yi lafiya. Ranar Larabar nan ranar kasuwa ce, unguwa ta watse. Hellen ta ɗaga goran da safe, ta yi karatunta, ta raka uwarta da buhun citta, ta bar shi a sama.

Kafin rana ta faɗi bayan gidan ya cika. Aka kira Meshak daga tudun coci, ya ce irin na'urar daga Kaduna ake kawo masa, ba zai samu wata ba sai Litinin, kuma ya riga ya gwada wayoyi a reshen nan, ba su riƙe hoto. Hellen ta zauna a kan turmi ta dafe kai.

Azariya ɗan acaba shi ya fara nuna ƙasa.

"Ku duba kofato. Shanun Sada ne suka bi nan. Ni da idona na ga yaron yana kallon sama kullum in zai wuce."

Sada ɗan Nene ne, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugar hayin rafi. Samari suka fara ƙus-ƙus, wani ya ce a tafi rugar yanzu tun bai kai abin kasuwa ba. Kun san inda muke zaune, kun san abin da irin wannan tafiyar take haifarwa. Lai'atu ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta.

"Ba wanda zai je ko'ina da sunana. Kayana ne ya ɓace, ba naku ba. Gobe Malam Dalhatu zai zo ya duba."

Ta sa muka jawo ƙaya muka kewaye gindin bishiyar, ta kore kowa.

*

Malam Dalhatu tsoho ne siriri, shi ma daga hayin rafi. Bin sawu ne aikinsa. Daga Gwantu har Kasuwan Magani, in an kore wa mutum saniya, Kirista ko Musulmi, shi ake nema. Ya iso da sassafe ranar Alhamis da sandarsa a kafaɗa, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Lai'atu ƙafarta mai ciwo, sannan ya ce a gaya masa girman abin.

"Kamar sabulu, Baba," in ji Hellen.

"Yana tafiya da kansa?"

"A'a."

"Madalla. Wanda ya ɗauke shi yana tafiya."

Azariya, wanda ya zo tun da wuri, ya yi tsaki.

"Wannan kuma sabon salo ne. Fulani aka kira ya kama Fulani."

Malam Dalhatu bai dube shi ba. Ya ce, "Kai ne mai babur? Tsaya kusa, zan zo kanka."

Ya ɗage ƙayar da sanda, ya tsuguna. An yi yayyafi ranar Talata, ƙasa ta riƙe komai. Ya daɗe yana kallon turken da aka ɗaure igiya. Ƙullin yana nan yadda Hellen ta bar shi. Ya ɗaga kai ya dubi inda igiyar ta yanke, can sama, inda ko dogon mutum a kan kujera ba zai kai ba. Ya dubi jikin bishiyar, babu alamar an hau. A daidai ƙarƙashin reshen ciyawa ta kwanta, faɗin buhu. Ya dangwali wani abu a ƙasa, ya murza a yatsa, ya shinshina.

"Toka," ya ce. "Wa ke zubar da toka a nan?"

Lai'atu ta ce ba kowa, tata a gonar kuɓewa take zubawa.

Daga inda ciyawar ta kwanta wani layi ya fita, kamar an ja abu a ƙasa, ya nufi hanyar rafi. Gefensa, da ɗan tazara, akwai sawun takalmin roba, irin wanda rabin mazan garin nan suke sawa gona. Ya mayar da ƙayar, ya juyo.

*

Ya kai Azariya gefen shinge, ya nuna masa wuri da bakin sanda. Sawun taya ne, sabo a kan tsoho, tsoho a kan wanda ya fi shi tsufa.

"Nan tashar acaba ce?"

Azariya ya sosa ƙeya. Ya dubi Hellen, ya dubi uwarta.

"Abeg, Mama, ki faɗa musu."

Lai'atu ta kau da kai. Ashe ita ta ba shi lambar sirrin shiga intanet ɗin na'urar, saboda yana kai mata citta kasuwa ba musu. Kullum da rana sai ya zo ya fake bayan shinge yana kallon ƙwallo. Hellen ta buɗe baki.

"Mama. Shi ya sa yake min tafiyar hawainiya da rana?"

"To na san yana ragewa ne? Na ɗauka kamar rediyo ne, kowa ya saurara."

Malam Dalhatu ya bari suka gama, sannan ya tambayi Azariya jiya fa.

"Na zo da hantsi, yana aiki. Na samu fasinja zuwa Kafanchan. Da na dawo wajen azahar ɗinku, babu. Na ɗauka caji ne ya ƙare, na wuce."

"Ba ka ɗaga kai ba?"

"Wayata nake kallo."

"Amma jiya da yamma ka ga kofato."

Azariya ya ce a hankali, "In ban nuna kofato ba, taya za su gani."

"Haka ne," in ji tsohon. "Kai in ka ɗauka, ina za ka kai shi ya yi aiki?"

"Ba ko'ina. Bishiyar nan ce kawai."

*

Da hantsi Meshak ya iso, gumi sharkaf, don ya ji an fara cewa shi ya zagayo ya ɗauke don ya sayar musu da wani. Ya shigo yana rantsuwa.

"Maman Hellen, ni da na yaga wandona a bishiyar nan? Ni?"

"Ban ce kai ba ne, zauna ka sha ruwa."

Malam Dalhatu ya ce masa, "Ɗana, da kai za ka ɗauka, yaya za ka yi?"

"Ban ɗauka ba, Baba."

"Na ji. Da za ka ɗauka."

Meshak ya ɗaga kafaɗa. "In kwance igiya a turke, in sassauta, ya sauko hannuna. Ni na yi ƙullin ai."

"Ko wanda bai yi ƙullin ba, in yana da ido, haka zai yi?"

"Ko akuya ta ga turken nan ta gane."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce wa Hellen ta zauna ta yi karatunta kamar gobe za a yi, shi zai bi layin nan. Ni na bi shi, don dama ina da saƙo wajen Nene, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son in gani.

*

Layin ya bi gefen gonar citta, ya gangara. A wani wuri shanu sun ratsa shi. Malam Dalhatu ya kira ni.

"Maman Levi, duba nan. Wanne ne a sama?"

Na duƙa iya yadda bayana ya yarda. Kofato ne a kan layin, ya danne shi.

"To an riga an wuce da kayan kafin shanu su iso," ya ce.

A bakin rafi layin ya hau fa, ya ɓace. Ya zaga hayin nan da na can, bai same shi ba. Nan muka ga Nene tana wanke ƙore, Sada na zaune kusa da ita. Ranar bai fita kiwo ba. Labari ya kai musu tun jiya.

Nene ta miƙe. "Maman Levi, shekara nawa ina shiga gidajenku? Cokali ya taɓa ɓata?"

"Ba ni na faɗa ba, ƙawata."

Malam Dalhatu ya yi wa Sada magana da Fulatanci, sannan ya juya Hausa don in ji.

"An ce kana kallon goran kullum."

"Ina kallo, Baffa. Don in kauce."

"Ka kauce wa me?"

Sada ya dubi uwarsa. Nene ta ce, "Ni na hana shi bi ta ƙarƙashi. Gora a kan bishiya, da jan ƙyalle a wuya, ga ido yana ƙiftawa. Mun san wa aka ɗaure wa? Na ce ya riƙa janye shanu gefe, ba ruwanmu da abin mutane."

Malam Dalhatu ya zauna a kan fa. Sannan ya ce da ni, "Maman Levi, ɗorawar nan ta Lai'atu ce?"

Na ce a'a. A wurinmu gona daban, bishiya daban. Mijin Lai'atu ya gaji filin, amma ɗorawar ta gidan Baba Kambai ce tun kakansa, su suke girbe kalwarta duk shekara. Sai dai shi Baba Kambai ya daɗe ba ya gari, yana asibiti a Kafanchan wajen jinyar matarsa. Farkon makon nan suka dawo, jikin nata kuma ba daɗi.

"In mutum a cikinku ya tsinci abin da yake tsoro, ina yake kai shi?"

"Gidan Fasto. A yi addu'a a ƙone."

Ina faɗa sai na tuna. Tun da safe Mama Hulda, shugabar Zumuntar Mata, ta aiko cewa kowace mace ta zo coci da yamma da itace guda, akwai addu'a ta musamman saboda matar Baba Kambai.

*

Da muka isa harabar coci rana ta yi sanyi, an riga an tara itacen a tsakiya. Malam Dalhatu ya aika an kira kowa: Lai'atu da Hellen, Azariya, Meshak, Nene da ɗanta. Samarin jiya ma sun zo, ba wanda ya gayyace su. Baba Kambai yana zaune a benci, ya jingina da bango, idonsa ja don rashin barci. Malam Dalhatu ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi sallama, Fasto ya fito ya shigo da shi, ya sa aka ba shi kujera.

"Fasto, a ɗan dakata da ashana," ya ce. "Maganata gajeruwa ce."

Ya fara da Sada. Ya ce kofato a kan layin yake, duk mai shakka ya je ya duba kafin ruwa ya wanke. Ya ce Azariya ya fi kowa asara da abin ya ɓace, ya bar shi a nan bai ƙara ba. Meshak kuma da ya kwance igiya.

"Ɓarawo yana son abin da ya sata. Yana rungume shi, ya sa a riga, ya yi sauri. Wannan bai taɓa igiyar da hannu ba. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya zuba toka, ya yanke daga nesa da lauje a kan doguwar sandar gora, irin wanda ake girbin kalwa da shi. Ya naɗe buhun, ya ja shi a ƙasa, nesa da jikinsa. Wannan ba sata ya zo yi ba. Tsoro yake ji."

Baba Kambai ya ɗago.

"Ba sai ka zagaya ba, Dalhatu. Ni ne. Bishiyar ubana ce. Na dawo da matata ba ta iya tashi, na je duba kalwa, na ga an rataye min abu da jan ƙyalle yana kallona. Kai da me za ka yi?"

"Da na sauke shi," in ji Malam Dalhatu. "Ko na kira wanda zai sauke."

Fasto ya dafe goshi. Ya ce buhun yana bayan ofis, bai buɗe ba, an ce masa kada a buɗe sai a bakin wuta. Aka jawo shi. Mata suka ja da baya, Mama Hulda ta fara waƙa ƙasa-ƙasa. Hellen ta wuce ta tsuguna ta kwance. Goran ya tsage gida biyu. Ta zare tsumman, ta fito da na'urar, ta miƙa wa Meshak. Ya haɗa ta da abin cajin da ke aljihunsa. Muka tsaya muna kallon tafin hannunsa. Can sai hasken ya kawo.

"Tana da rai," ya ce.

Wani ya fara dariya, Lai'atu ta harare shi ya haɗiye. Ta juya wajen samarin.

"Waɗanda suka ce a tafi ruga, ga Nene nan."

Suka yi ta kallon ƙafafunsu. Azariya ne ya fara fitowa, ya cire hula, ya ce wa Nene, "Inna, ki yi haƙuri, bakina ne." Ya miƙa wa Sada hannu. Sada ya bar hannun a miƙe na ɗan lokaci kafin ya karɓa.

Mun ɗauka an gama. Meshak ya ce gobe da asuba zai ɗaura sabuwar igiya. Sai Baba Kambai ya ce, "A ina?"

"A reshen nan dai, Baba. Nan ne kawai yake kamawa."

"Wa ya ba ka?"

Baba Kambai ya miƙe.

"An hau bishiyata ba a tambaye ni ba. An rataye abu ba a tambaye ni ba. Na kwana biyu ina tunanin wane ne a garin nan yake son ganin bayan matata. Yanzu an mai da ni abin dariya a gaban coci. Ba abin da zai sake hawa ɗorawar nan."

Fasto ya fara magana, Baba Kambai ya ɗaga masa hannu. Hellen ta dubi uwarta, na'urar a hannunta, ga ta nan tana aiki, amma ba inda za a sa ta.

Lai'atu, da ƙafar nan tata mai ciwo, ta dafa kafaɗata ta durƙusa a ƙasa gabansa.

"Baba, laifina ne. Na san ta gidanku ce. Na ce kana asibiti, kada in dame ka da ƙaramin abu, ashe babba ne. Jan ƙyallen ma nawa ne, tsohon ɗankwalina. Ba wanda ya yi maka dariya da zai sake. Yanzu na zo yadda ya kamata in zo tun farko. Ina roƙon aron reshe ɗaya, saboda yarinyar nan."

Baba Kambai ya dube ta. Sannan ya dubi Hellen.

"Karatun me ma?"

"Na karɓar haihuwa, Baba."

"A nan za ki yi aikin, ko ke ma Abuja?"

"Ban sani ba tukuna. Sai sun ɗauke ni."

Ya yi ajiyar zuciya. "Kin faɗi gaskiya. Tashi, Lai'atu, ƙafarki." Ya juya ga Meshak. "Ba gora, ba jan ƙyalle. Ka sa shi a abin da mutum zai gani ya san na bature ne. Kuma ina wurin za a ɗaga."

Aka yi addu'ar matarsa a ranar, ba wuta. Kowace mace ta koma gida da itacenta. Malam Dalhatu ya tafi tun kafin a fara, ya ce magariba za ta same shi a hanya.

*

Ranar Juma'a Meshak ya sa na'urar a farar robar abinci mai murfi, ya ɗaga ta. Baba Kambai ya zo da kujerarsa ya zauna a gindin bishiyar. Azariya ya kashe wayarsa a gaban kowa, ya ajiye a cinyar Lai'atu. Hellen ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, mu kuma muka zauna a tsakar gida muna korar kaji kada su yi cara kusa da taga.

Hadari ya taso daga bayan dutse, iska ta fara kaɗa robar. Lai'atu ta kama hannuna ta matse. Ta cikin ƙofa muna jin muryar wata mata tana Turanci, Hellen tana amsawa, a yi shiru, a sake. Ba mu san me ake cewa ba, mun dai san muddin ana jin muryar matar nan, sabis bai yanke ba.

Da ƙofar ta buɗe, Hellen ba ta tsaya wajenmu ba. Ta zagaya bayan gida, muka bi ta.

"Sun gan ki?" in ji Baba Kambai.

"Sun gan ni, Baba."

"Sun ji ki?"

"Har ƙarshe. Sun ce in fara haɗa takarduna."

Lai'atu ta zauna a ƙasa inda take, ta rufe fuska da zani. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi reshen, ya dubi hadarin, ya naɗe kujerarsa.

"To a sauke min shi yanzu. Kalwata ta nuna, gobe zan yi girbi. Jibi ku mayar."